Riƙon ɗan fari da aikin uwa: amsar Gwaggo daga Makka

Assalamu alaikum, 'yata. Ya jego, ya ƙarfin jiki? Ya maigidana ƙarami? Allah ya raya mana shi.

Saƙonki ya iso. Kin ce hutun haihuwa ya kusa ƙarewa, asibiti na jiranki, surukarki kuma ta ce a kawo mata yaron nan Makka ta riƙe, tunda ɗan fari ne ke kuma ma'aikaciya ce, wai haka al'ada take. Kina tambaya ko dole ne, in kuma ba dole ba ne, yaya za ki haɗa dawam, wato awannin aikinki, da raino da girki a Jidda alhali ba naki kusa.

Surukarki ba ƙarya ta yi ba, amma ta tsallake gaɓa guda. Riƙo al'adarmu ce, balle na ɗan fari. A da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane saboda kunya, shi ya sa yawanci kakanni ke ɗaukarsa. Sai dai ba a cire jariri daga nono a kai shi riƙo. Mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu, ta yi wankan jego kwana arba'in, ta koma ɗakinta da ɗanta a baya, ta shayar da shi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Sannan a zo yaye, a kai shi wajen kaka ya yi kwanaki yana shan kunu har ya manta nono. To, a nan ne ake tayar da zancen riƙo. Jaririn wata uku ba ya barin uwarsa sai in ta rasu ko ciwo ya kwantar da ita. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma a mazhabar Malikiyya da iyayenmu suka zo da ita, ko aure ya mutu uwa ce ke da raino, bayanta mahaifiyarta, kafin a zo kan dangin uba. Na faɗa miki ne don hankalinki ya kwanta. Kada ki je ki karanta wa surukarki aya, ba a yi wa babba haka.

Zancen wai aikin mace sabon abu ne, wannan kam ban yarda ba. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903 a ƙafa suka taho, wasu suka zauna Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar a Sudan, wasu suka yi ƙwadagon auduga a Jazira bayan an buɗe madatsar ruwa a 1925, suka tara guzuri suka haye teku daga Sawakin. Kina tsammani matansu zaune suke? Suya suke yi, suna daka, suna sayar da abinci a kowane zango. Mu ma da muka tashi a unguwannin Tandabawi da Shara Mansur nan Makka, da wuya ki shiga gida ba ki tarar da sana'a ba: mai ƙosai, mai fura, mai gyaɗa, mai kitso, mai wankin alhazai lokacin mausim na aikin hajji. Da kuɗin nan aka yi wa 'yan mata kayan ɗaki. Bambancin kawai shi ne sana'arsu a tsakar gida take, taki tana wani gini can da agogo a bango.

Abin da ya sa suka iya kuwa, ba wai sun fi ku ƙarfi ba ne. Rabon aiki ne. A gida mai mata biyu ko uku girki kwana bibbiyu ne. Mai girki ita ce da tukunya da shara da maigida, wadda ta fita girki ranarta ce, ta yi sana'arta, ta yi kitso, ta kwanta in ta ga dama. Ga kaka a ɗakin ƙofa, ga matar wa, ga maƙwabciya da katanga ɗaya ta raba ku, ki miƙa mata yaro ki je unguwa. Ɗa na kowa ne, haka ake faɗa kuma haka ake yi. Riƙo ma reshe ne na wannan rabon: a rage wa mai goyo nauyi, a ba tsohuwa ko wadda ba ta haihu ba mai ɗebe mata kewa da ɗan aike. Ke yanzu kina bene ke kaɗai, kullum ke ce da girki, ba ranar fita. Rusau ɗin da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, unguwannin su Karantina da Sabil da Gulail, ya ƙara watsa dangi, wadda da kike taka ƙafa ki je gidanta yanzu sai da mota. Saboda haka in kin ga kin gaji, ba lalaci ba ne. Aikin mata uku kike yi, ga na asibiti a kai.

Maganin shi ne ki sake gina wannan rabon da mutanen da kike da su, na farko kuma mijinki. Samarin yanzu suna son su ce al'ada ta hana namiji aikin gida, amma sun manta abin da al'adar ta ɗora masa. Hatsi nasa ne, cefane nasa ne, itace da ruwa nasa ne. Tufafinsa ko ya wanke da kansa ko ya kai wa mai wanki, mahaifinki har ya tsufa ban ga ya ajiye wa mahaifiyarki rigarsa ba. Yaro namiji da ya yi wayo, uba ke jansa masallaci da makaranta. Yau itace ya zama tukunyar gas, kasuwa ta zama bagala, wato kantin unguwa, amma mai ɗaukar nauyin bai canza ba. Don an bar mata su yi tuƙi tun 2018, ba shi ne zai sa cefane da kai yaro rigakafi da biyan wuta duk su dawo kanki ba. Nana A'isha da aka tambaye ta me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ku zauna ku yanke wane aiki ne na wa, a yanke shi sau ɗaya kamar yadda ake yanke kwanan girki, ba kullum ki riƙa roƙo yana ganin alfarma yake miki ba. Daren da kike dawam, yaro nasa ne, ya koyi ɗumama madarar da kika tatsa.

Albashinki kuma naki ne, a al'ada da shari'a duka. Abin da kika sa a gida kyauta ce, ki sa da daɗin rai, amma ku san iyakarsa tun yanzu.

Ki nemi haƙƙinki a wajen aiki ma, kada kunya ta hana ki. Tunda asibitin kuɗi kike, dokar ƙwadago ce ke kanki: daga 2025 hutun haihuwa mako 12 ne, kina iya ƙara wata guda ba albashi, in kin koma kuma kina da awa ɗaya kullum ta shayarwa da ake lissafa ta cikin dawam. Wurin da mata 50 ko fiye ke aiki, in 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara shida sun kai 10, dole a tanadi wurin raino. Ki tambaya. In babu, ki nemi hadana, wato gidan rainon yara, kusa da asibitin, ba kusa da gida ba, don awar nan ta yi miki amfani, ki kuma bincika Qurrah, tallafin gwamnati na kuɗin raino ga mata ma'aikata, tunda kina da takardar 'yar ƙasa. Abu ɗaya daga tsohuwar al'ada da ba na son ki farfaɗo da shi, shi ne ɗauko ƙaramar yarinya daga dangi ta zama 'yar raino. Mun ga yadda da yawansu suka tashi ba karatu, suna goyon 'ya'yan wasu har aka aurar da su. In mai aiki za ku ɗauka, ku ɗauki babba, ta hanyar Musaned, tsarin gwamnati na ɗaukar masu aikin gida, da takardunta.

Na girki ba sai na tsawaita ba. Iyayenmu da suke shanya kuɓewa, su daka kuka, su ajiye daddawa da yaji na watanni, tanadi suke yi don ranar da ba hali. Ki yi jajjage da markaɗe ranar Asabar, ki raba miya a firiza. Ranar da ba ki iya ba, ful da tamis, wake da burodin saye, ba su taɓa kashe aure ba. Iyayenmu kuma ba agogo suke bi ba, salla suke bi: abin da za a gama kafin hantsi daban, na bayan la'asar daban, bayan isha'i a rufe ƙofa. Garin nan ya koya mana raba dare, yara suna ido biyu har ƙarfe ɗaya, wannan kuwa ba namu ba ne. Ki kwantar da shi da wuri, ki kwanta.

Sai zumunci, wanda na san shi ne zai fi jawo miki surutu. Ba kowane taro ne nauyinsa ɗaya ba. Gaisuwar mutuwa da dubiya, waɗannan da ƙafarki za ki je ko da minti goma ne. Suna da biki kuwa, gudummawa tana wakiltar mai ita. Bikin da amarya ba ta shiga zaure sai tsakar dare ya wuce, ke kuma kina da dawam da safe, ki aika da naki, ki buga waya, ki je ganin ɗaki ranar Juma'a. Adashi dai kada ki fita, ko ɗan kaɗan ne ki riƙa zubi, don ban da kuɗin, shi ke riƙe sunanki a bakin mata.

Mu koma kan surukarki, don ita ma tana da gaskiyarta, kuma ina bayanta a wani wuri. Ki duba 'ya'yan 'yan uwanki, nawa ne ke iya gaishe ni da Hausa har su kai ƙarshe ba su juya Larabci ba? Yaron da ya tashi tsakanin hadana da waya ba zai ji Hausa ba sai a bakin kaka. A wajenta zai ji tatsuniya, ya iya durƙuson gaisuwa, ya san wane ne kawu wane ne baffa. Ita kuma ɗanta ya tafi Jidda, gida ya yi mata faɗi. Ba ƙwace take nufi ba.

Don haka ba za a ce mata a'a ba, kuma ba daga bakinki maganar za ta fito ba. Mijinki zai je ya ce mata: Hajiya, yaro naki ne, amma a bari ya gama shan nono, yaye kuma a ɗakinki za a yi shi. Kafin nan ku riƙa kawo shi daren Alhamis ku koma Asabar, ko da sau biyu a wata, Makka da Jidda tafiyar awa guda ce, ga jirgin ƙasan Haramain yana sauke ku a tashar Rusaifa nan Makka in ba ku son tuƙi. Makon da dawam ɗin dare ya faɗo miki, ku roƙe ta ta zo ta zauna da ku, a gyara mata ɗaki, a ba ta girmanta, kada a mai da ita mai aiki. In ya isa makaranta, hutun zafi nata ne. Riƙo na dindindin kuwa, a bar shi sai an yaye, lokacin ku duba halin da kowa ke ciki.

Ki ce wa mijinki ya kira ni kafin ya je, don na san halinta, in ya fara da zancen asibiti da doka ya ɓata. Ni zan riga shi zuwa da ɗan turare in share hanya. Ki gaishe shi, ki kuma turo mini hoton maigidana da hular nan da na aiko.