Fari a tsakiyar idon jariri da gocewar madubin ido: amsoshin likita

Tambaya: Likita, tun ranar suna na lura da wani fari a tsakiyar baƙin idon jaririna na hagu, yau kuma kwanansa talatin. Surukata ta ce yana ce, a bari ta nuna tukuna kamar ta tsofaffi. Daga wata uwa a karkarar Ringim.

Amsa: Malama, Allah ya raya. Kada ki jira arba'in, ki kai shi wurin likitan ido a cikin makon nan. A bayan baƙin ido akwai ɗan madubi garai-garai mai tattara haske, kuma idan aka haifi yaro madubin nan a dushe, ita ce yanar ido ta haihuwa. Tsoho ya riga ya koyi gani tun yana yaro, don haka ko yanarsa ta daɗe, da an cire ta ganinsa kan dawo. Jariri kuwa a watannin farko ƙwaƙwalwarsa ke koyon gani, idan haske bai shiga ba sai ta yi watsi da wannan idon, ta yadda ko an yi aiki daga baya ba lalle ne ganin ya samu ba. Shi ya sa likitoci suka fi son a yi aikin kafin mako 6 idan ido ɗaya ne, ko kafin mako 10 idan biyu ne. Ko an wuce wannan lokaci ma a je, domin akan ceto wani abu.

Akwai dalili na biyu da ya fi tayar mini da hankali: wannan fari wani lokaci alamar ciwon dajin ido ne na yara, wanda ke kisa idan an yi sakaci, kuma da kallon ido kawai ba a bambance shi da yana a gida. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ido na ECWA a Kano suna duba masu ciwon ido. Kada a ɗiga masa nono ko ruwan sukari, kada a sa kwalli, kuma kada a yarda masu yawo ƙauyuka suna tura yana da tsinke su taɓa shi. Bayan aiki akwai tabarau, da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a kullum, da komawa asibiti na shekaru saboda hawan jinin ido kan biyo baya.

Tambaya: 'Ya'yana biyu an haife su da yana, dangi kuma suna ɗora wa matata laifi. Auren zumunci muka yi. Daga wani magidanci a Gaya.

Amsa: Malam, ka kare iyalinka daga wannan zargi. Yara biyu a gida ɗaya ya fi nuna gado, kuma gadon yana iya fitowa daga wajenka, ko wajenta, ko ku biyun, abin da auren zumunci ke ƙara wa yiwuwa. Sau da yawa akan tarar uba ko uwa na da 'yar yanar da ba su sani ba, saboda haka ku ma a duba ku. Wani sanadin shi ne ƙyandar Jamus idan ta kama mace a watanni ukun farko na ciki, alaƙar da likitan ido Norman Gregg ya gano a Ostiraliya a 1941, kuma irin waɗannan yara kan zo da kurumta ko ciwon zuciya. Tana da allurar rigakafi, amma kafin ɗaukar ciki ake yin ta. Duk jaririn da kuka ƙara samu, a duba idonsa kafin suna.

Tambaya: Wani ɗalibina dogo ne siriri mai dogayen yatsu, ba ya ganin allo ko da tabarau. Daga wani malamin firamare a Gumel.

Amsa: Malam, wannan siffa tana sa in yi zargin ciwon Marfan, wanda a cikinsa zarurukan da ke riƙe da madubin ido kan yi rauni har ya goce daga mazauninsa. Ka shawarci iyayensa su kai shi likitan ido, sannan a yi masa hoton zuciya, domin ciwon kan faɗaɗa babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Kafin nan a dawo da shi bencin gaba, a kuma hana shi dambe da kokawa.