Daga ina rabin nan ya ɓullo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun muna sakandare muka haddace s = ut + ½at² (s nisan tafiya, u gudun farko, a ƙaruwar gudu, t lokaci). Yanzu ina aji ɗaya a jami'a, an ce mu fito da shi ta hanyar kalkulas, ni kuwa har yau ban san daga ina wannan rabin ya ɓullo ba.
Wata ɗaliba, Samaru, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye littafin tukuna, mu hau a-daidaita-sahu a Kwangila. Ya tashi daga tsaye, kuma kowane sakan gudunsa na ƙaruwa da mita 2 a sakan. Wannan 2 ɗin ita ce a. Bayan sakan 5 yana gudun mita 10 a sakan. To, tafiyar mita nawa ya yi? Ɗalibaina sukan yi caraf su ce 50, wato 10 sau 5. Ina! Ai bai kai gudun 10 ba sai a ƙarshe, da farko ma a tsaye yake. Tunda ƙaruwar daidai take tafiya, matsakaicin gudunsa rabin 10 ne, wato 5, sau sakan 5, mita 25. Ga rabinki nan.

Kalkulas wannan aikin yake yi, sai dai yana yanka lokacin gutsi-gutsi sannan ya tara, abin da ake kira intagireshan. Ki yi wa a intagireshan, za ki samu gudu v = at + C, inda C wata lamba ce da ba ta canzawa. Lokacin da t take sifili gudun u ne, don haka C ita ce u. Ki sake yi: t ta zama t²/2, u ta zama ut, sai ki samu s = ½at² + ut + wata C. Wannan C ta biyu ita ke cinye wa yara maki, na gaji da jan layi a ƙarƙashinta. Ita ce inda abin yake tun farko. In daga PZ kika fara awo, to C ita ce nisan PZ zuwa Kwangila. Littafin sakandare ya yar da ita ne don ya ɗauka daga sifili aka tashi.

Duba kekenmu kuma: sakan na farko mita 1, na biyu 3, sai 5, 7, 9, jimla 25. Galileo ya bayyana wannan jeri a 1638, kafin Leibniz ya buga kalkulas ɗinsa a 1684.

Amma fa keken Kwangila ba ya riƙe ƙaruwar gudu (a) guda, da ya hango fasinja zai taka birki. Abin da ya fi riƙe ta shi ne dutsen da aka saki a rijiya, inda a take kusan 9.8. In ya yi sakan 2 kafin ya taɓa ruwa, zurfin ½ × 9.8 × 4 ne, mita 19.6. Ki dai nemi izinin masu gida kafin ki jefa.