Shafina lafiya lau a kwamfuta, amma yana rikicewa a iPhone

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar sana'a, na biya an gina mini shafin intanet. Idan na buɗe shi da Chrome a kwamfutata komai tsaf yake. Amma masu iPhone suna ta ƙorafin cewa maɓallin aika oda yana ɓuya a ƙasan allo, wasu kuma hotuna ba sa fito musu. Wanda ya yi aikin ya ce in gaya musu su sauke Chrome. Haka ake yi? Wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A'a, ba haka ake yi ba. Mai saye ba zai sauke sabuwar manhaja don ya ba ki kuɗinsa ba, rufe shafin zai yi ya nufi wani. Kuma ko ya bi shawarar, da wuya ta yi masa amfani, ga dalili.

Kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, tana da inji a cikinta, shi ne ke karanta rubutun shafin ya zana shi a allo. Manyan injinan uku ne. Chrome da Edge da Opera da Samsung Internet duk Blink suke amfani da shi (Edge ta koma kansa ne a 2020). Firefox tana da Gecko. Safari kuma, burauzar da ke zuwa da iPhone, WebKit take amfani da shi. To, a iPhone kamfanin Apple ya daɗe da wajabta wa kowace burauza amfani da WebKit, sai a 2024 ya sassauta a ƙasashen Tarayyar Turai. Ke nan Chrome ɗin da ke kan yawancin wayoyin iPhone riga ce kawai, injin na Safari ne. Abin da ya karye a can, a nan ma karyewa zai yi.

Don kada kowane inji ya yi gaban kansa ne aka kafa ƙa'idoji. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita ke kula da CSS, wato harshen da ke tsara launi da girma da mazaunin kowane abu. HTML kuwa, ƙashin bayan shafin, tun 2019 aka amince wata ƙungiya mai suna WHATWG ce ke riƙe da shi. Duk injinan suna bin waɗannan ƙa'idoji, sai dai ba rana ɗaya suke karɓar sabon abu ba. A wannan tazarar ake samun yawancin matsaloli.

Ban ga shafinki ba, amma alamomin da kika faɗa sanannu ne. Maɓallin da ke ɓuya, sau da yawa an ba wa sashen tsayin 100vh ne, wato ya cika allo daga sama har ƙasa. A kwamfuta babu damuwa. A Safari ta waya kuwa, ana yin lissafin kamar sandar adireshi ba ta nan, sai ƙasan sashen ya faɗa bayanta, maɓallin ya bi shi. An fito da sabon ma'auni, dvh, don wannan matsalar, gyaran kuma bai wuce layi ɗaya ko biyu ba. Hotuna kuma, ki tambaya da wane tsari aka ajiye su. Safari ba ta fara nuna sabon tsarin hoto na WebP ba sai a 2020, na AVIF ma daga baya, saboda haka tsohuwar wayar da ba a sabunta ba fili kawai za ta nuna. HTML yana da hanyar da za a ajiye hoton a tsohon tsari na JPEG a gefe, burauzar da ba ta gane sabon ba ta ɗauki tsohon.

Wani abu da nake so ki cire daga ranki: ba dole ne shafin ya zama iri ɗaya sak a ko'ina ba. Akwatin zaɓen kwanan wata, misali, kamanninsa daban a iPhone, daban a Android, kuma hakan ba aibi ba ne, kowa ya saba da nasa. Masu sana'a da yawa suna ɓata kuɗi wajen daidaita inuwar maɓalli alhali fom ɗin oda ba ya tafiya. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne aikin: a karanta bayanin kaya, a ga lambar waya a danna, a cika fom ya isa. Ado ya biyo baya.

Kina iya gwadawa da kanki, ba sai kin iya rubuta kod ba. Ki samu wayar Android, da iPhone (tsohuwa ta fi tona asiri), da Firefox a kwamfuta, ki yi oda tun daga farko har ƙarshe a kowanne. Ki kuma danna mahaɗin shafin daga cikin Facebook ko Instagram, domin suna buɗe shi ne da tasu burauzar ta ciki, mutane da yawa kuma ta nan za su iso miki. Idan akwai masu Opera Mini cikin kwastomominki, ki gwada ta ita ma: a yanayin matse data, a kan sabar kamfanin Opera, wato manyan kwamfutocinsa, ake haɗa shafin kafin a turo shi, don haka abubuwan da suka dogara da JavaScript, harshen da ke sa abubuwan shafi motsi da amsa dannawa, kan tsaya cak. Internet Explorer kuwa ki manta da ita, Microsoft ya yi mata ritaya a Yunin 2022.

Shi kuma mai aikin, ki nemi ya duba HTML ɗin da manhajar tantancewa ta W3C, kyauta ce, sannan duk sabon salon da zai saka ya fara duba shi a shafin Can I Use, inda ake nuna burauzar da ta karɓe shi da wadda ba ta karɓa ba. Idan da sauran kuɗi tsakaninku, ki rubuta masa sharaɗin ƙarara: sai oda ta tafi lafiya a Chrome da Safari da Firefox, a waya da kwamfuta, kafin cikon ya fita. Ki haɗa masa da hoton allon da kwastoman ya turo, da samfurin wayar da sigar iOS ɗinta, wato babbar manhajar da ke tafiyar da iPhone, domin da su zai gano matsalar cikin sauri.