Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Za Mu Je Mu Sha Iska Da Mota?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan satin kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato fita shan iska da mota, mutum ya ɗan bar hayaniyar gari ya bi ta karkara a hankali ya dawo. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Ina da mata da yara huɗu, yaran nan ba su san komai ba sai gida da makaranta da Islamiyya, ranar nan ƙaramin ya tambaye ni wai a shago ake yin shinkafa? Ina so in fita da su ranar Asabar mu dawo a ranar, kuma gaskiya aljihun ba nauyi. Ina za mu nufa? Daga wani magidanci a Hotoro, Kano.

AMSA: Malam, Allah ya raya mana su. Tambayar yaronka ita ta zaɓa maka hanya, ka ɗauki titin Zariya kawai. Ku yi asuba, ku karya, ƙarfe bakwai ta yi muku a hanya, kafin rana ta yi zafi kun isa Kura, daga nan har Kadawa da Garun Malam gonakin noman rani ne hagu da dama iya ganinka. In lokacin sanyi ne, kamar Janairu zuwa Fabrairu, alkama ce kore shar ga tumatir ga albasa, in kuma damina ta yi nisa shinkafa ce ta rufe ko'ina. Don Allah kar ka wuce a guje kana nuna musu ta gilashi, ka samu wuri mai faɗi ka sauka daga kan kwalta sosai ka faka, ku taka da ƙafa zuwa bakin magudanar ruwan nan ta siminti, ka yi wa mai gona sallama ka ce yara ka kawo su ga shinkafa. Wallahi manoman nan daɗi suke ji, wani har zai tsinko zangarniya ya murza a tafin hannunsa ya hure ƙaiƙayin ya nuna wa yaron ƙwayar, ga balbelu fari fat suna bin bayan masu aiki, wannan kaɗai ya isa yaro ya yi sati yana ba da labari.

In lokacin tumatir ne ku ɗan tsaya Kwanar Gafan su ga kwanduna jere ana loda wa manyan motoci masu tafiya kudu, uwargida ma ta yi cefanenta cikin rahusa. Daga nan sai Tiga, kusan kilomita 70 ne daga Kano, a can za ka nuna musu inda duk ruwan da suka gani a gonakin ya fito. Zamanin Gwamna Audu Bako aka gina dam ɗin, aka gama a 1974, shi ke shayar da duk wannan noman ranin. Ku shimfiɗa tabarma a inuwa, ku buɗe kular abincin da kuka taho da ita, ku sayi soyayyen kifi, karfasa ko tarwaɗa, shi ke nan an yi rana.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah, ruwa ba abokin wasa ba ne. Kar yaro ya shiga ko da bakin-bakin ne, kuma in an ce ku hau kwale-kwale a zaga da ku, in babu rigar kariya ga kowa ka ce a'a ko da yaran za su yi kuka. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai a 2021 ba, jirgi ya kife da 'yan Islamiyya, Allah ya jiƙansu. Da la'asar ta yi ku juyo, kuma kar sha'awa ta ja ka ka ƙara gaba ta Tudun Wada zuwa dajin Falgore da iyali, Tiga ta ishe ku.

In wannan ta yi daɗi, wani watan sai ku gwada arewa, Dambatta, Kazaure da duwatsunta, ku ƙare a Daura yara su leƙa rijiyar Kusugu da suke karantawa a makaranta.

TAMBAYA: Ni matsalata maigida ne. Duk sanda na ce mu ɗan fita sai ya ce yawon banza ne da ƙona fetur, wai in ba biki ko ta'aziyya ba me za a je yi ƙauye? Yaya zan shawo kansa? Daga wata uwargida a Dutse.

AMSA: Hajiya, kar ki ga laifinsa da yawa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 duk mai mota sai ya yi lissafi kafin ya murza makulli. Kuma mu yadda aka taso da mu tafiya sai da dalili, shi ya sa in kin ce masa shan iska sai ya ji kamar almubazzaranci. To ki ba shi dalilin mana. Zumunci a ƙafa yake, ba za a rasa wata gwaggo ko kawu da kuka daɗe ba ku gani ba a wajen Birnin Kudu ko Kiyawa ko Jahun, ki ce a je a gaishe su, a sayi sabulu da goro da ɗan sukari, amma a fita da wuri yadda za a tafi a natse ana tsayawa a hanya.

Ke da kike Dutse ma ai kin fi mutanen Kano sa'a, Birnin Kudu na nan kusa da ke, kuma a can akwai zanen shanu a jikin duwatsu wanda mutanen zamanin da suka zana tun kafin kakannin kakanninmu, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, har da duwatsun da in an buga su suke amo kamar ƙararrawa. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce ke kula da wurin, ku nemi ma'aikatanta a garin su raka ku, kar ku hau ku kaɗai. Abin da ke ci mini rai shi ne Turawa su taso tun daga ƙasarsu su zo su gani su rubuta, mu da ke kwana muna tashi a gindin abin ba mu taɓa takawa ba.

In ya ce ai ba addini ba ne, cikin ladabi ki tuna masa aya ta 20 a Suratul Ankabut inda Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fara halitta. Amma fa kar ki mai da shi gardama, ki zaɓi ranar da yake cikin nishaɗi, kuma ki ce abincin hanya ke za ki ɗauki nauyinsa. In ya je sau ɗaya ya ga yadda yaransa ke tsalle, ina kyautata zaton na biyun shi zai fara tayar da maganar.

TAMBAYA: Kuna ta cewa a fita a fita, a wannan yanayin na rashin tsaro? Ba ganganci ba ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Ɗan'uwa gaskiyarka, kuma duk wanda ke zaune a Zamfara ya fi ni sanin zafin abin, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Ba zan taɓa ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa ya bi ta Birnin Gwari ko Dansadau ko gefen dajin Rugu don kallon daji ba, akwai wuraren da a yanzu haƙuri ne kawai. Inda ake da sauƙi ma sai da sharaɗi. Kafin ka fita ka je tasha ka tambayi direbobin haya masu bin hanyar kullum, sun fi Google Map sanin abin da ya faru jiya da daddare. A fita bayan gari ya waye, a dawo kafin magariba, a bi babbar hanya wadda motoci ke kai da kawowa, in ka ga titi ya yi tsit ba mota mai tahowa daga gaba na tsawon lokaci ka tsaya a gari mafi kusa ka yi tambaya. Wani a gida ya san inda kuka nufa, kuma hotunan nan a bari sai an dawo a ɗora su a Facebook, ba kuna can kuna sanar da duniya inda kuke ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka fasa, hanya ba ta gudu.

TAMBAYA: Mu huɗu ne abokai, mun gama bautar ƙasa mun ɗan tara kuɗi, muna so mu je tsaunin Mambila a jihar Taraba da Corolla ɗin ɗayanmu. Kwana biyu ya isa? Motar za ta iya hawa? Daga wasu samari a Gombe.

AMSA: Ƙannena kun yi zaɓi, a duk Najeriya ban san hanyar da ta kai wannan kyau ba. Amma kwana biyu kam ku cire shi a ranku, wannan wahala za ku sayo ba hutu ba, ku ware biyar ko aƙalla huɗu. Ranar farko ku bi ta Kumo, Billiri, Kaltungo, nan ma kar ku yi sauri don duwatsun ƙasar Tangale abin kallo ne, ku haye gadar Binuwai a Numan ku kwana Jalingo. Washegari da sassafe sai Bali, sai Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, wanda shi ne mafi girma a ƙasar nan, a cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419. Shawarata ku cika tanki kafin ku bar Serti, in rana ta yi nisa ma ku kwana a nan, hawan dutsen ba na dare ba ne.

Bayan Mayo Selbe ne ake fara hawa, titi na ta murɗewa, dutse a gefe ɗaya rami a ɗaya gefen, sai ku ji kunne ya toshe, zafin da kuka baro a ƙasa ya ɓace, kafin ku isa Maisamari kuna neman rigar sanyi. Da kun hau sama kuma sai duniya ta buɗe, tuddai ne kore bayan tuddai babu iyaka, shanun Fulani manya-manya suna kiwo, ga dogayen itatuwan turare a jere, gajimare wani lokacin a ƙasanku yake ba a sama ba. Ku tsaya Nguroje ku sha shayi, ku nemi izini ku shiga gonar shayi ta Kakara inda ake yin Highland Tea ku ga mata da kwando a baya suna tsinkar saman ganyen da yatsu, sannan ku ƙarasa Gembu. Ayaba da fiya a can arha kamar banza. Fulatanci ya fi tafiya amma Hausa ma za ta fishe ku.

Motar za ta hau in lafiyarta ƙalau, amma kafin ku tashi makaniki ya duba birki da lagireto da fambel da baƙin mai, taya huɗun su zama masu kyau, safaya da iska a ciki, jak da sifana, da jarkar ruwa. Kuma ni ba hawan ne ke ba ni tsoro ba, saukowar ce. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗen titi sai ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin ya yi zafi ya fara wari, daga nan ka taka ka ji ba komai. Ku sauko da giya ɗaya ko biyu injin ya riƙe motar, in otomatik ce a sa ta a L ko 2, kuma kar wanda ya kuskura ya sa firi ko ya kashe mota wai don tattalin mai. Wanda ya fi natsuwa a cikinku shi zai tuƙa wannan wajen, ba wanda ya fi iya gudu ba. Hon a kowace kwana. In hazo ya sauko ba ku ganin gabanku ku samu fili ku faka ku jira ya yaye.

Lokaci mafi kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, damina a can doguwa ce kuma hanyoyin cikin ƙauyuka in an yi ruwa sai babur ko tsofaffin Land Rover ɗin nan nasu. Ku riƙe tsabar kuɗi don sabis yana ɗaukewa, tiransifa ba ko'ina take tafiya ba, ku ɗauki bargo, sannan maganar da na faɗa wa ɗan'uwanmu na Gusau ta shafe ku, ku tambayi direbobin tashar Jalingo halin da hanyar Bali take ciki kafin ku kama ta.

TAMBAYA: Ina son ɗaukar hoto sosai, amma in na tsaya a ƙauye na ɗaga waya sai in ga mutane sun ɓata rai. Ina kuskurena, kuma ina zan samu tsuntsaye in ɗauka? Daga wata ɗaliba a Haɗeja.

AMSA: 'Yata, ki sa kanki a matsayinsu, kina bakin rijiya da zanin aiki wata ta fito daga mota ko sallama babu ta hau ɗaukarki. Sallama tukuna, a gaisa, a tambayi gajiya da amfanin gona, sannan ki ce ko za ki iya ɗauka, in an ce a'a ki yi godiya ki mai da wayarki jaka. Matan aure da yaran mutane kam kar ki ɗora su a intanet ko da sun yarda an ɗauka, sai kin faɗa musu inda hoton zai je. Kuma in kin tsaya wajen mai fura da nono ko mai gyaɗa ki saya, kar ki tsaya dogon ciniki a kan abin da bai kai kuɗin katin wayarki ba.

Tsuntsaye kuwa ai suna ƙofar gidanki. Fadamar Baturiya a Kiri Kasamma tana cikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke tahowa tun daga Turai su yi hunturu, in kina son ƙarin nisa akwai Dagona a ƙasar Bade ta jihar Yobe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne suka fi yawa. Ki tafi da muharraminki, ku fara gaishe da mai gari ya haɗa ku da wanda ya san wurin, ku isa bakin ruwa da hantsi bai ɗaga ba don da rana ta take sai su watse, ki sa kaya marasa ƙyalli, ki kashe ƙarar waya.

Masu tambaya a kan Yankari da hanyar Damagaram, saƙonninku sun iso, su za mu fara ɗauka a fitowa ta gaba in sha Allah.