NFL ba ta ɗauki ƙanena ba, zai iya zama koci?

Malam, ka ce ƙanenka kwatabak ne, wato ɗan wasan da ke jagorantar kai hari a ƙwallon Amurka (American football), a wata jami'a a Amurka, ya kammala karatu amma babu wata ƙungiya a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wasan, da ta zaɓe shi, kana tambaya ko zai iya zama koci. Zai iya, kuma a ganina gurbinsa ya ba shi fifiko, domin kwatabak ne ke haddace dabarun kai hari, yana karanta tsayuwar masu tsaro kafin a ɗaga ƙwallo.

Dubi Zac Taylor. Shi ma kwatabak ne da ya buga wa jami'ar Nebraska, ba a zaɓe shi a NFL a 2007 ba. A 2008 ya kama aikin ƙaramin mataimakin koci a jami'ar Texas A&M, aikin da yawanci yanka bidiyon wasanni ne har tsakar dare, ga kuɗi kaɗan. Ƙungiyar NFL ta Miami Dolphins ta ɗauke shi mataimakin koci a 2012, sai a 2019 ya zama babban kocin Cincinnati Bengals, ita ma a NFL.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne zaman jiran kira. Gara ƙanenka ya tuntuɓi tsofaffin kocinsa tun yanzu, ta bakinsu ake samun gurbi. Idan ba ɗan ƙasa ba ne, ya ga lauyan shige da fice kan biza kafin ya sa hannu a kowace takarda.