Yaya, Zafin Legas Ba Irin Na Kano Ba Ne

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa. Ya jikin Hajiya, ya yaran?

Saƙonka ya same ni tun Laraba, na bari sai yau da na samu natsuwa, don tambayar taka ba ta amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce tun zuwanka bikin 'yar wajena abu biyu suka tsaya maka a rai. Na farko, mu Hausawan Agege in za mu sayi esi sai mun yi ta shawara kamar za a nemi aure, mu ɗauki mai gyara mu tafi da shi kasuwa, a ƙarshe kuma mu tsallake mai araha mu ɗauki mai tsada, alhali ƙarfin dokinsu ɗaya. Na biyu, ɗanka da ke karatu a Ingila ya ce maka da irin wannan na'ura ake ɗumama gidan da yake haya, wai famfon zafi, kai kuma ka ɗauka shirmen yara ne. Ga bazara ta ƙarato, kana son sa wa Hajiya a ɗakinta.

Bari in fara da zafin kansa, don a nan baƙinmu suke tuntuɓe. A Kano, watan Afrilu ma'auni kan haura 40, amma iskar busasshiya ce. Ka yi gumi, gumin ya bushe, jiki ya sarara. Abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan, kuma a kansa marigayi Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya gina tukunyarsa cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa aka ba shi kyautar Rolex a 2000. A Legas ba kasafai ma'auni ke wuce 35 ba, sai dai iskar ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar guminka. Sai ya zauna a jiki, riga ta manne, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Da damina shanya kan kwana biyu tana warin danshi. Goro ne ya zaunar da kakannin mutanenmu a Agege, to laimar da itacen goro ke so ita ce ke hana mu barci.

Shi ya sa duk wanda ya taho daga gida da kular nan mai zuba ruwa, muna gaya masa tun a tasha cewa ya ɗauko kaya a banza. A wajenku cikin bazara tana aiki sosai, wutar da take ci kaɗan ce ta fi ta fanka. A nan kuwa ƙara wa ɗaki ruwa take yi a kan wanda yake da shi. Mu a wajenmu rabin aikin esi matse ruwa ne daga iska. Ka tuna bokitin da ka gani a bayan tagata yana cika kafin asuba? Ruwan ɗakin ne. Asalin na'urar ma don haka aka ƙirƙiro ta. A 1902 wani injiniya Ba'amurke, Willis Carrier, ya haɗa ta don wata maɗaba'a a birnin New York da laima ke lalata wa takarda, sanyaya mutane daga baya ya biyo.

Ni da kuɗina na koyi wannan. Shekarar da na kama ɗaki biyu na farko, na sayi na hannu mai doki biyu na sa a ɗan ɗakin da doki ɗaya ya ishe shi, ina ganin babba ai ya fi. Minti kaɗan ɗaki ya yi sanyi, kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi a cikin na'urar, ya tsaya, bai daɗe yana aiki ba balle ya matse laimar. Sai mu kwana cikin sanyi mai danƙo, mayafi kamar an yayyafa masa ruwa, manyan rigunana na cikin sif suka yi fumfuna, ƙaramar yarinyata kullum mura. Wanda ya sayar mini bai yi ƙarya ba, sanyi yana yi. Ni ne ban san abin tambaya ba.

Yanzu maganar doki. Abin da 'yan kasuwa ke kira doki ɗaya, doki ɗaya da rabi, doki biyu, suna ne kawai na ciniki. Lambar gaskiya tana kan takardar da ke manne a gefen na'urar. Za ka ga BTU, ita ce yawan zafin da na'urar ke iya kwashewa daga ɗaki cikin awa guda. Doki ɗaya wajen 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Kusa da ita za ka ga wat, wato wutar da take sha. Raba ta farko da ta biyu, abin da ya fita shi ne ƙwazon na'urar, shi suke rubutawa EER. Mai 12,000 da ke shan wat 1,200 ya ba ka 10. Wani mai 12,000 ɗin da ke shan 1,000 ya ba ka 12. Sanyinsu ɗaya, cinsu ya bambanta, kamar shanu biyu masu huɗa kadada ɗaya amma ɗaya ya fi cin harawa. Wasu kamfanonin da wat suke rubuta sanyin ma, sai ka ga lambar ƙwazon ta fito 3 ko 3 da ɗoriya, kada ta ruɗe ka, awon ne daban. In kuma SEER ka gani, wannan lissafin shekara ne gaba ɗaya, da ranakun zafi da masu sauƙi, galibi ya fi EER girma. Kada ka bari a gwada maka SEER na wannan da EER na wancan.

Me ya sa muka damu da wat 200? Mita mai kati ce ta koya mana. Da can lokacin da ake kawo takardar kuɗin wuta bisa ƙiyasi, babu mai lissafi, ko ka kunna ko ka kashe abin da za a rubuto za a rubuto. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, masu alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya ɗan sauko zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Layuka da dama a Legas suna cikin wannan rukuni. Mu yi lissafi da 200 don sauƙi. Mai wat 1,200, in kwamfiresonsa ya yi awa 8 bai huta ba, ya sha yunit 9.6, naira 1,920 ke nan a dare ɗaya, 57,600 a wata. Mai wat 1,000 zai rage maka yunit 48 a wata, naira 9,600, a shekara 115,200. Na'urar kuwa ba ta shekara ɗaya ba ce. In ka ce janareto za ka tayar, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan ya fi wutar tsada nesa ba kusa ba. To ka ga abin da ka rage a hannun ɗan kasuwa, mita za ta karɓe shi ta ƙara da riba.

Mai tsadar da ka ga mun ɗauka shi ake kira mai imbata. Kada ka haɗa shi da imbatar batir da ake sa wa sola, suna ne ya zo ɗaya. Esi na da, kwamfiresonsa abu biyu ya sani, ko gudu ko tsayuwa, kuma duk tashin da zai yi sai ya fizgi wuta ninki da yawa, abin da ke sa ƙwai ya dushe, janareto ya yi tari. Mai imbata a hankali yake tashi, in ɗaki ya yi sanyi sai ya rage gudu ya ci gaba da tafiya sannu. Direban da ya riƙe gudu ɗaya daga Zariya zuwa Kano, da wanda ke taka totur yana taka birki, ka san wanda zai fi shan mai. Kuma da yake ba ya tsayawa, yana ta matse laima har gari ya waye, abin da mu ke nema ke nan.

Amma ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Allon lantarkin da ke cikinsa ba ya son wutar da ke hawa da sauka, in ya ƙone gyaransa da tsada, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba. Dole a haɗa masa abin kariya. Sannan ribarsa sai a ɗakin da ke rufe, wanda ake daɗewa a ciki. A shagon da ƙofa ke buɗe wuni guda, gudu zai yi ta yi bai rage ba, ka biya kuɗin imbata ba ka ci moriyarta ba. Da aka zo sa wa masallacin unguwarmu, mun yi dare uku bayan isha'i ana wannan muhawara. Wani dattijo mai canji ya ce a fara gyara tagogi da silin kafin a taɓa kuɗin gudummawa, kuma shi ya fi mu gaskiya. Da aka toshe kafofi aka sa labule a gefen da rana ke bugawa, na'urorin da aka saya ba su kai yawan da aka yi niyya ba.

Tafiya da mai gyara kuwa, zaman haya ne ya jawo ta. Yawancinmu ba gidan kanmu muke ba. Sai mai gida ya yarda kafin ka huda bango, in mita ɗaya kuke da maƙwabta sai an zauna an raba kuɗi tun kafin a kunna, don na ga esi ya raba zumuncin shekara goma a tsakar gida ɗaya. In za ka tashi, da na'urarka za ka tashi, sai wanda ya iya mayar da gas cikin kwamfireso kafin ya kwance. Don haka kowa yana da mai gyaransa da ya amince da shi, Bahaushe ne ko Bayarabe ko Ibo, ana miƙa lambarsa hannu da hannu a majalisa. In an je kasuwar Alaba ko wajen dila, shi zai duba ko bututun jan ƙarfe ne ko alminiyam, ya maƙala na'urar awonsa a waya ya ga ko wutar da ake sha ta yi daidai da takarda, ya karanta irin gas ɗin. R22 tsohon yayi ne, ana janye shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama, nan gaba samunsa zai yi wuya. Sababbi R410A ko R32 suke ɗauka. 'Yan uwanmu na Ajah da Badagry da ke kusa da teku suna ƙara da neman mai rufin shuɗi ko ruwan gwal a haƙarƙarinsa, don iskar gishiri na cinye na waje. Ranar ɗaurawa kuma muna tsayawa a kai sai an zuƙe iskar cikin bututu da injin zuƙa kafin a saki gas. Ka riƙe wannan, gas ba man fetur ba ne, ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. Duk wanda ke zuwa yi maka ƙari kowace shekara, yoyo ne bai toshe ba.

Sai maganar ɗanka, kuma yaron ya yi gaskiya. Esi ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwasa daga ciki ya zubar a waje. Tsaya gaban na wajen ka ji hucin da ke fita, ko ka taɓa bayan firji. To in aka sa wani makunni da ke juya hanyar gas, sai aikin ya juye, ya kwaso zafi daga waje ya zuba a ɗaki, don ko iska mai sanyi akwai sauran zafi a cikinta. Famfon zafi ke nan, kamar famfon ruwa, ɗauka yake daga nan ya kai can. Hita mai jan waya, yunit ɗaya na wuta zafin yunit ɗaya yake ba ka. Wannan kuwa yunit ɗaya kan shigo da zafin uku ko fiye, shi ya sa ƙasashen Turai ke kwaɗaitar da mutanensu a kansa. Mu a Legas ba ma ƙara ko sisi dominsa, hunturunmu ƙura ce kawai ta 'yan makonni. A jikin rimot, alamar ƙanƙara sanyi ce, ɗigon ruwa busar da laima, rana kuma ɗumi. Mu ɗigon ruwan muke dannawa da damina. Alamar ranar tana kan rimot da yawa amma na'urar ba ta da makunnin, sai ka tambaya takamaimai.

Ga Hajiya kuwa, ni ina ganin ku ne kuke da dalilin nemansa. Tun tuni hankalina ba ya kwanciya da kaskon gawayin da take shiga da shi ɗaki lokacin muku-muku, ƙofa a rufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, ita ce dai ta hayaƙin janareto da ke kashe iyali guda cikin barci a nan. In ka samu mai sanyi da ɗumi, ko da ƙari a kuɗin, ni zan cika.

Sauran abin kada ka kwafe mu ido rufe. Ku laima ba ta dame ku ba sai damina, zafin rana ne abokin faɗanku. Nemi wanda aka rubuta T3 a takardarsa, shi a zafin 46 ake gwada shi, T1 kuwa a 35, kuma in rana ta take a Afrilu ƙarfin T1 ɗin raguwa yake. Na wajen a sa shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba jikin bangon yamma ba. Ƙurar hunturu na toshe ragar ciki, a riƙa cirewa ana wankewa duk mako biyu. A bar shi a 25 ko 26 a kunna fanka tare, tsohuwa ba ta son sanyi mai shiga ƙashi. Ɗakinta kwano ne kai tsaye in ban manta ba, to a fara da silin.

Ka sa yara su auna mini tsawon ɗakin da faɗinsa, su gaya mini inda tagar ke kallo da awa nawa kuke samun wuta. In ka shiga kasuwa ka ɗauki hoton takardar gefen guda biyu ko uku ka turo, zan nuna wa mai gyarana kafin ka biya. A gaishe mini da Hajiya, a ce mata goronta yana hanya ranar Asabar.