Tambaya da Amsa: Daga Sutudiyo zuwa Rediyo, Yanzu kuma Koyarwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na daɗe ina haɗa sauti a wani sutudiyo da ke Mabera, daga baya na koma gabatar da shirin mawaƙa a gidan rediyo. Yanzu wasu matasa sun nemi in koya musu kasuwancin waƙa. Shin wannan ba raba hankali ba ne, kuma da me zan fara?
Daga wani mai karatu a Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, babu raba hankali a nan, domin wanda ya ga yadda ake cinikin waƙa da fatar baki a sutudiyo, sannan ya saurari koken mawaƙa a rediyo, ya fi kowa sanin inda haƙƙinsu ke salwanta.

A ganina, ka fara da batun mallakar waƙa. A zamanin Salihu Jankiɗi da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin fada ya dogara ne da ubangidansa, wanda ke ba shi doki da riguna da hatsi. A yau kuwa, manhajojin sauraron waƙa irin su YouTube da Audiomack da Boomplay suna biyan wanda aka ɗora waƙar da sunansa ne, ba su tambayar wanda ya sha wahalarta. Yaro ya tsara baitoci, mai sutudiyo ya buga kiɗa, wani ya biya kuɗin aiki, aka watse babu takarda, kuma ranar da waƙar ta karɓu sai rigima ta tashi. Saboda haka ka koya musu rubuta yarjejeniya tun kafin a kunna na'ura, wadda za ta fayyace kason kowa da wanda zai riƙe asalin sautin.

Ka kuma karanta musu Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta kare sautin da aka naɗa na shekara 50. Ka nuna musu aikin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya (NCC) da ƙungiyar MCSN mai karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne aikinka na jarida. Ɗalibanka za su so ka fifita waƙoƙinsu a shirinka, masu sauraro kuma nan da nan za su gane. Ka sanar da shugabannin tasharka tun yanzu, kuma duk waƙar ɗalibinka ka bar wani abokin aiki ya tantance ta.